Bakan Gizon da Na Fitar a Bangon Aji

Zuwa ga Shugaban Makarantar da na koyar a cikinta a ƙasar Isa,

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Ina gaisuwa, da fatan iyali suna lafiya. Ni ne Isiyaku ɗan Tozai, malamin fizis da ka kora. Na ji za ka yi ritaya, ana shirya maka walima. Kafin masu yabo su fara, ga tawa shaidar.

Na ɗaya. Shekarar da ruwa ya ɗauke bayan shuka, gero ya bushe a tsaye, na kai ga darasin haske da 'yan ajin ƙarshe. Ba mu da kayan gwaji ko ɗaya. Na zuba ruwan alwalata a kwano, na jingina madubin askina a ciki, na ajiye inda rana ke shigowa ta taga. Launuka bakwai suka fito a bango. Na gaya musu farin hasken rana launuka ne a haɗe. Idan ya shiga ruwa sai ya lanƙwasa, kowane launi da nasa gwargwado, su rarrabu. Haka bakan gizo yake fitowa, in rana tana bayanka, yayyafi yana gabanka. Iyakar laifina ke nan, kuma sa hannunka yana kan tsarin darasin.

Na biyu. Ka san mutanenmu sun taso da cewa bakan gizo shanye hadari yake yi. Washegari hadari ya haɗo daga gabas, ya watse. Kafin Juma'a magana ta cika kasuwa, wai malamin fizis yana kiwon bakan gizo a kwano. Ban ga laifin manoma ba, mutumin da gonarsa ke mutuwa a gabansa dole ya nemi wanda zai ɗora wa. Amma da suka zo ofishinka, kai mai digirin kimiyya, bayanin da bai kai tsawon shan shayi ba ya gagare ka. Ka ce musu kai ma ka daɗe ba ka gamsu da take-takena ba. Ka ƙwace madubin a gabansu, ka miƙo min takardar sallama.

Na uku. Ranar roƙon ruwa aka janye ni daga sahu, kana tsaye kana kallon ƙasa. Ɗalibaina suka shiga jarrabawa ban kai ga koya musu sauti ba, ko dalilin da ya sa ake ganin walƙiya kafin a ji tsawa. A Tozai mata suka daina ba mahaifiyata aron guga. Ta rasu da bazarar da ta biyo, kuma har a ciwon ajalinta sai da ta tambaye ni ko da gaske ni na hana ruwa. Wannan tambayar kai ka sa ta a bakinta, kuma na tsane ka saboda ita.

Aikina ba na so, ka riƙe. Abin da nake nema shi ne, ranar walimar, a gaban iyaye da ɗalibai, ka zuba ruwa a kwano da hannunka, ka fitar da launukan nan a bango, ka ce Isiyaku gaskiya ya koyar. Madubi ba zai yi maka wuya ba, an ce har yanzu yana ofishinka, da shi kake gyara hula. In ka ƙi, za ni zo da kwanona in yi a bakin ƙofa, in faɗi sunanka.

Allah ya ba ka tsawon rai da lafiyar ido, ya nuna maka damuna masu yawa, domin duk ranar da bakan gizo ya fito ka gan shi sarai, ka tuna da tsohuwar nan. Ban yafe ba.

Wassalam.
Isiyaku, Tozai.