Goruna Ɗari Uku a Saman Bene

Waziriyya, Jidda
Ranar Lahadi

Zuwa ga Munzali, a Yanbu.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya, kai da aikin matatar man da ya hana ka zuwa ganin ubanka. Ni Maiturare nake faɗa, maƙwabcina Malam Abdulkahar yake rubutawa, kuma na sa shi ya rantse ba zai tausasa ko kalma ɗaya ba. Na daina tura maka murya a waya. In na yi magana ta minti goma sai ka aiko min da hoton hannu yana addu'a. Takarda dai in ba ka so, sai ka yaga ta da hannunka.

Shekara goma sha biyu ke nan ina tambaya ɗaya: wa ka shawarta ranar da ka ɗauki jikata Ihsan ka kai ta makarantar 'yan Filibin? Ban hana ka auren Mastura 'yar Filibin ba. Musulma ce, tana gaishe ni, ita take auna min hawan jini in ta taso daga asibiti. Amma makarantar yarinya, a bakin mai shayi na ji. Tun daga lokacin nake ganin abin da ido ba ya so. Shekarar farko suka sa ta tsalle tsakanin sanduna biyu a gaban iyayen mutane, wai rawar gargajiya. Wata shekarar ta zo min da rigar da aka ɗinka da jarida, tana juyi tana tambayata ko ta yi kyau. Na yi magana, ba wanda ya tanka.

To yanzu an kai ƙarshe. Wata bakwai da suka wuce ta zo ta ce, "Sidi kakana, gidanmu na unguwar Bagdadiyya ya yi mana kaɗan, ka ara min saman benenka in ajiye kayan makaranta." Na ɗauka littattafai ne, na ba ta makulli. Gwiwata ba ta hawa bene, kai ma ka sani. Duk Alhamis sai ta zo da ƙawayenta huɗu, su hau da buhuna, ina jin dariya da ƙwanƙwasa, su sauko su kama hannuna su ɗora a goshinsu yadda suke gaida manya, su tafi. Har nake cewa a raina yaran nan suna da tarbiyya.

Jiya wari ya sauko ya same ni a kan dardumar salla. Na rarrafa na hau. Munzali, bola na tarar. Gorunan ruwa na roba, waɗanda mutane suka sa baki suka jefar, an jera su sahu-sahu, kowace an cusa mata leda har wuya. Ledar biskit, ledar taliya, ledar da aka ci shawarma a ciki maiƙo yana naso. Kyankyasai sun kafa gari. Na ɗaga buhu ɗaya, ɓera ya kalle ni bai ko motsa ba, kamar ni ne baƙon. Sai da na yi amai a bakin magudana.

Wannan shi ne ilimin? 'Yar shekara goma sha bakwai, jikar mutumin da ya yi shekara arba'in yana sayar da turaren ud da bakhur, mutumin da ake gane zuwansa tun daga bakin layi saboda ƙamshi, ita ce take tura hannu a kwandon zibala, kwandon sharar gari? Na tare masu motar shara ta baladiyya, na ce su hau su kwashe, halas, an gama. Ko ɗaya ban bari ba. Na ƙona turare kasko uku.

Ban rubuto don neman afuwa ba. Ka amsa min tambayata ta shekara goma sha biyu.

Wassalam. Ubanka, in ka tuna kana da shi,
Maiturare

Yanbu
Ranar Talata

Zuwa ga mahaifina, Baba Maiturare.

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Allah ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana. Takardarka ta iso a hannun direban kamfani, na karanta har sau biyu.

Baba, abin da motar ta kwashe ba shara ba ne a wurinsu. Aikin bincike ne na shekarar ƙarshe, na su Ihsan su biyar. Idan aka cusa leda a gora har ta yi tauri, ana haɗa gorunan a yi bencin zama. Ɗari uku suka tara, ɗaurewa kawai ta rage. Nan da kwana goma sha shida, ranar Alhamis, za su tsaya gaban malamai uku su nuna bencin, a zauna a kai a gani. In babu benci babu maki. In babu makin, gurbin da wata kwalejin horar da malamai a Mindanawo, can Filibin, ta yi wa Ihsan alkawari zai wuce ta. Sauran huɗun ma abin ya shafe su, iyayensu suna ta kiran Mastura a wurin aiki.

Baba ya gafarce ni, amma Mastura ta ce ranar Juma'a ta zauna ta yi maka bayanin gurbin nan da tafiyar Ihsan, da Larabci, a hankali, kuma ka ce ka gane. Washegari ka hau benen. Wata bakwai warin bai sauko ba sai ranar Asabar?

Ihsan ba ta je makaranta jiya ba. Maganar shekara goma sha biyu kuwa, in na zo hutu za mu zauna.

Allah ya bar mana kai.
Ɗanka mai biyayya,
Munzali

Waziriyya
Ranar Laraba

Munzali.

Salamu alaikum, don sallama ba ta fushi. "Mai biyayya" ka rubuta a ƙasa, bayan ka kira ni maƙaryaci a sama. In ka zo hutu! Hutu nawa ka zo ka ci shinkafata ka koma?

Bari in faɗa maka abin da ban taɓa faɗa wa ɗa ba. Abdulkahar ya ajiye alƙalami, na ce ya ɗauka. Kakarka Shatu, da nake ce muku tana 'yar sana'a, ba ta da sana'ar da ta wuce kwandon zibala. Sun zo aikin hajji, mijinta ya rasu, ta rage daga ita sai ni. Gwangwani da kwali muke tsinta, ita tana tono, ni ina riƙe bakin buhu. Na san warin kowane layi a garin nan, na san layin masu cin kifi, na san na masu jarirai. Ina shekara takwas ta wanke ni da sabulu sau biyu, ta sa min taguwar aro, ta kai ni ƙofar wata makaranta. Malamin bai tambayi sunana ba. Ya toshe hanci da gefen mayafin kansa ya ce mata, "Ki mai da shi inda kika tsinto shi." Yara suna leƙe ta taga. Karatuna ke nan gaba ɗaya, daga farko har ƙarshe.

Ka ɗauka sha'awa ce ta sa na zaɓi turare? Na rantse jinina ba zai ƙara taɓa kwandon nan ba. Na yi maka makaranta, na hana ka ko zubar da sharar gida. Yau makaranta ce da kanta take tura jikata cikin abin da aka kore ni saboda shi, har da maki ake bayarwa. Da a zamaninmu ake ba da makin, da Shatu ce shugabar malamai. Tir.

Abin da Mastura ta faɗa ranar Juma'a na ji shi. Wai yarinya in ta gama aji goma sha biyu sai ta tafi ƙasar uwarta, don a nan hanyar jami'a ta yi mata wuya. An tambaye ni? Sanar da ni aka yi, kamar saƙon jawazat, ofishin fasfo. Amma ba wannan ne ya hau da ni bene ba. Wari ne. Rubuta, Abdulkahar, ka daina kallona, wari ne.

Tunda waccan tambayar ta yi maka nauyi, ga ƙarama: in ta tafi, za ta dawo?

Maiturare

Bagdadiyya
Ranar Juma'a

Sidi habibi, angona mai rigima,

Salamu alaikum. Yaya gwiwa? Amm Abdulkahar, don Allah ka karanta masa yadda na rubuta, kada ka gyara Hausata, a waya na koyi rubuta ta.

Baba ya turo min hoton takardarka. Wallah ban san labarin Hajiya Shatu ba. A bas ɗin makaranta na karanta, na yi kuka har ƙawata Joud ta zaci wani ne ya mutu.

Amma kai ma ka ji nawa. Bara da muka je ƙauyen su Mama na shiga makarantar da ta yi tana ƙarama. Yara sittin da uku a aji ɗaya, wasu sittin ɗin suna jira su shiga da rana, malamar ɗaya ce. Duk damina ruwa yana shiga ajin ya ruɓar da bencin katako. A tsugune suke rubutu, littafi a kan gwiwa. Akwai wata yarinya da take tsayawa a waje ta jikin taga don babu wuri, kuma kullum ita take fara ɗaga hannu. Leda kuwa ta cika rafinsu. Roba ba ta ruɓewa, Sidi, shi ya sa. Ba benci zan ɗauka a jirgi ba, yadda ake yin sa zan kai, ni kuma in zama malama ta biyu. Ko yaro da me ya zo a jikinsa, sunansa zan fara tambaya.

Na yi fushi da kai, ba zan ɓoye ba. Wata bakwai muna cin abincin rana a tsaye, muna bin 'yan aji bakwai muna roƙon ledar biskit, har suka sa mana suna 'yan baladiyya. Ƙawata Rana ta fasa farce biyu. Mamarta ta ce kada ta ƙara taka Waziriyya. Gaskiya ka faɗa, akwai wari, mun gaji da wankewa tun wata na uku, amma da ka kira ni, yalla, da na zo na gyara.

Mun koma daga sifiri. Ustaza malamarmu ta ce in mun kai ɗari da ashirin mu yi ƙaramin benci, za ta karɓa. Yau muna da talatin da ɗaya, ga jarrabawar lissafi ranar Litinin. Ban san ko za mu kai ba.

Kuma na san ba wari kaɗai ba ne. Kana tunanin wa zai karanta maka takardar magani da saƙon iƙama, katinka na zaman ƙasa. Na yi wa kwalaben maganinka alama da jan farce, ja na safe, shuɗi na yamma, Mama za ta kawo. Tambayar da ka yi wa Baba kuma, ka bar ta sai bayan Alhamis ɗin nuna bencin, kaina ya cika.

Ina sumbatar hannunka, duk da abin da ya yi.
Amaryarka,
Ihsan

Waziriyya
Ranar Litinin, saura kwana uku

Ihsan.

Wa alaikis salam. Gwiwa tana nan, baya ya bi sahunta.

Ga goruna sittin da huɗu a motar Abdulkahar. Ba don na yarda da aikin ba. Ƙazanta ce, har gobe ƙazanta ce. Amma kafin in zubar da naku na matsa ɗaya, ta lotse kamar burodi. Da malamanku sun zauna a kai da sun kife. Shatu ba ta taɓa ajiye gwangwani ba sai ta ɗauraye shi. Shekara goma sha biyu a makaranta, ba a koya muku wannan ba.

Na je wurin Amatullah da ƙannenta biyu, waɗanda har yau suke bin kwanduna a bayan unguwar masana'antu, matan da na yi shekara arba'in ina kau da kai in na hango su. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ɗan Shatu, turaren ne ya ƙare?" Su suka tara min leda. Gorunan kuwa da rana tsaka na tura hannu a kwandon bayan masallaci, Meshari mai kanti yana kallo, ya kira ƙaninsa ya zo ya gani. Na wanke kowace leda, na shanya, na cusa da muciya. Ki taka kowacce, in ta lotse ki jefe ni da ita. Turare kasko biyar na ƙona, har yanzu ina jin abin a ƙarƙashin farcena.

Kwalaben magani sun iso. Ja da shuɗi, kamar ragunan da aka yi wa alama a kasuwa. Ban ce ki yi min fenti ba. Tambaya na yi. Ubanki sai ya zo hutu, ke sai bayan Alhamis. Malamin da ya toshe hanci ma ya fi ku, shi dai nan take ya ba uwata amsa.

Da hannuna na cusa abin da zai ɗauke ki daga gabana. To ki amsa min. Za ki dawo, ko ba za ki dawo ba? Ki rubuta a bayan takardar nan ki ba Abdulkahar. Na gaya masa kada ya tayar da mota sai da ita.

Kakanki,
Maiturare ɗan Shatu