Abin da Na Zuba a Ledar Isuhu

Assalamu alaikum admin da duk masu karanta wannan shafi. A ɓoye sunana, sunayen da zan ambata ma na sauya su. Ban yi boko mai nisa ba, a aji huɗu na tsaya, in kun ga rubutun ya karkace ku yi haƙuri. Roƙona ɗaya ne, kada ku yanke mini hukunci sai kun kai ƙarshe. In kun kai, mai zagi ya zaga, na san na ci zagin.

Shekarata hamsin da biyu, ashirin da uku daga ciki a Jidda na yi su. Da bizar umra na shigo ban koma ba, ba iƙama, wato takardar zama, ba kafili da zai tsaya mini. Ni ɗan masunta ne daga wajen Yawuri, ruwa na buɗe ido na gani, shi ya sa da bayana ya gaji da dako na koma gyaran kifi a wani sito mai sanyi a Khumra. Mu kankare, mu feɗe, mu wanke, a loda a mota. Ladan bai taka kara ya karya ba, amma al'adar wurin ita ce kai da ƙwai da kayan ciki na mai wuƙa ne, kowa yana da ledarsa a gindin tebur, in an tashi ya wuce da ita gida. Shekara goma sha ɗaya teburina yana manne da na wani dattijo, zan kira shi Isuhu. Mutumin Gaya ne ta Nijar, ya girme ni da kusan shekara goma, Larabcinsa har yau bai wuce yalla da halas da mafi mushkila ba. Shi yake ce mini Ɗan Yawuri, ni ina ce masa Yaya. Lokacin da matata ta kwanta ciwo ba mu da takardar zuwa asibiti, matarsa ce ta yi jinyarta wata biyu a ɗakinsu na unguwar Kurayyat. Ku riƙe wannan, don ku san irin mutumin da na cuta.

Bara wani mai jirgin ruwa da ke kawo mana kaya ya ce yana neman wanda ya iya riƙe kifi da rai ba tare da ya ji masa ciwo ba. Wai hukuma ta ware kuɗi masu yawa don a farfaɗo da najil, wani jan kifi mai tsada da ya fara ƙarewa a tekun nan, kuma aikin har da ƙasashen da ke ɗaya gaɓar, tunda kifi bai san iyaka ba. An ɗauki hayar jirginsa, shi kuma ya ɗauke ni a ɓoye da sunan wani ma'aikacinsa. Shugabar aikin wata Baturiya ce daga ƙasar sanyi, kowa Daktora yake ce mata. Aikina in rungume kifin a cikin baho, ita ta tsaga cikinsa kaɗan, ta saka wani baƙin abu kamar ƙaramin batir mai lamba a jiki, ta ɗinke, mu mayar da shi ruwa. Da abin suke gane ko kifin ya dawo wurin da iyaye ke taruwa su zuba ƙwai. Wurin nan sirri ne. Ta ce mu huɗu kaɗai muka san shi, ita da mataimakinta da mai jirgi da ni.

Ba zan yi mata ƙarya ba, ta girmama ni. Mu'allim take ce mini. Wata rana muna jiran kifi ya farfaɗo ta ba ni labari da guntun Larabcinta, wai a ƙasarsu akwai kifi mai suna salmon, a kogi ake ƙyanƙyashe shi, ya tafi teku ya yi shekaru, in lokacin ƙwai ya yi sai ya juyo ya nemi kogin nan da aka haife shi, ko zai mutu a hanya. Wai ya kusa ƙarewa, sai gwamnatinsu ta zuba kuɗi, ta zauna da maƙwabta aka yi yarjejeniyar wa zai kama nawa, kuma a can ta koyi aikin. Sai ta ce, “Kai fa mu'allim, ba ka komawa naka kogin?” Na ce, “Daktora, shi salmon ba a tambayarsa takarda a hanya.” Ta yi dariya, ta ɗauka wasa nake. Ba ta san ba ni da iƙama ba, har yau ba ta sani ba.

To ranar da manya suka zo duba aikin da masu ɗaukar hoto, mai jirgi ya ja ni gefe ya ce in shiga wata kwantena a bakin gaɓa in rufe, kada wani ya nemi katina. Tun hantsi har bayan azahar ina ciki, cikin zafin Jidda, ina jin tafi ta jikin ƙarfe. An gaya wa Daktora wai ba ni da lafiya. Ina zaune a kan tsohuwar taya gumi yana shiga idona ina tambayar kaina, wai ni me na yi wa duniya ne? Kifi yana da lamba, yana da likita, ƙasashe suna zama a kansa, in ya ɓace a neme shi. Ni da na yi shekara ashirin da uku ina wanke ƙarnin garin nan, 'ya'yana uku an haife su a nan ba mai takarda ko ɗaya, in na faɗi na mutu wa zai nema? Kifi ya samu iƙama ni ban samu ba? Ba ina kare kaina ba ne, ina gaya muku inda shaiɗan ya samu ƙofa.

Ba a yi wata biyu ba wani rayyis, wato shugaban masu jirgin kamun kifi, wanda zan kira Abu Majid, ya same ni a wata bufiya a Sharafiyya ina shan shayi. Ya ce ya ji ina fita da Turawa. Ya ce shi mutum ne mai hanya, zai iya nema wa babban ɗana kafili. Na san ƙarya ce, wallahi tun yana faɗa na san ƙarya ce, na girmi wannan zancen. Amma na ciro waya na nuna masa hoton allon jirgi da na taɓa ɗauka, mai lambobin wurin, na kuma gaya masa kwanakin watan da iyayen ke taruwa. Ko sisi bai ba ni ba. Haushi ne kawai, so nake in ɓata musu abin da suke tafa wa. Ubana kuwa, Allah ya jiƙansa, in ya ciro kifi ya ga cikinsa da ƙwai da hannunsa yake mayar da shi ruwa, ya ce wanda ya ci uwa ya ci shekara mai zuwa. A garinmu in sarkin ruwa ya rufe ruwa ko mahaukaci bai jefa fatsa. Ni na san wannan duka, ba wanda zai ce jahilci ne.

Da watannin da hukuma ke hana kama najil suka shigo, sai ga kaya an kawo sitonmu da rana tsaka, aka ja ƙofa aka rufe. Najil manya manya, kowane ciki cike da ƙwai. Kwana uku muna feɗewa. A rana ta biyu wuƙata ta daki wani abu mai tauri, na duba, sai ga ɗinkin Daktora, zaren da na riƙe mata kifin tana ɗaurawa. Kafin la'asar na ciro huɗu. Ni a tunanina abin yana magana da na'ura, zai jawo su har inda yake. In jefa a shara, sharar sito ce, za a zo nan. In sa a aljihu, gidana za a je. Isuhu ya tafi alwala, ledarsa tana nan buɗe cike da kawuna. Na zuba su a ciki, na tura ƙasa da hannuna. Na ce wa raina ai matarsa za ta zubar da su tare da ƙazanta, shi ke nan.

Da ya dawo bai jima ba shi ma ya ciro ɗaya daga kifinsa. Ya ɗaga yana juyawa, ya ce, “Ɗan Yawuri, kai da ka yi yawo da Nasara, mene ne wannan?” Na ce, “Ina zan sani Yaya, tarkacen teku ne, jefar.” Ya ce, “Kai dai Bayawuri ba ka gaji komai ba sai baki. Abin da aka samu a cikin kifi ana jefarwa? Rabo ne ya biyo ka har tebur.” Ya goge shi da gefen riga ya sa a aljihu. Haka mutanen ruwa suka yarda tun kakanni, ni ma a kan haka na tashi. Kalma ɗaya ta isa in hana shi, in ce Yaya wannan wuta ce. Na sunkuyar da kai na ci gaba da kankara.

Ashe huɗun nan na leda ba a zubar da su ba, a gwangwanin madara ya haɗa su da nasa ya adana a kan taga. Yana da 'ya, zan kira ta Hanan, a nan aka haife ta, ta yi karatu kaɗan, Hausarta ma rabi Larabci ce. Ita ta ga ɗan rubutun da ke jikin abin, wai wanda ya tsinta ya kira lamba kaza akwai tukuici. Yarinya ta ga za ta faranta wa ubanta, ta kira. Ranar Talata da safe mota biyu suka tsaya a ƙofar gidansu, mataimakin Daktora da jami'ai. Kifin da aka hana kamawa, lamba biyar a ɗakin mutum ɗaya, mutumin kuma ba takarda. Suka tafi da shi da gwangwanin.

Yau kwana biyar ke nan. Sito a rufe, mai shi ya ce kowa ya zauna a gida. Na ji a bakin mai jirgi cewa a wurin taruwar nan kusan ba abin da ya dawo, kuma ana maganar za a tsayar da kuɗin aikin, shi ya sa hukuma ta ɗauki abin da zafi, so suke su san wa ya kai masunta wurin. In ba a samu kowa ba, a kan wa zai ƙare? A kan tsohon da ko jirgin bai taɓa hawa ba. Ɗauri, sannan tarhil, a jefa shi jirgi zuwa ƙasar da ya bari tun Hanan ba ta zo duniya ba, matarsa da 'yarsa a nan. Kuma har yanzu bai faɗi sunan sito ba, bai faɗi na kowa ba. An ce duk tambayar da aka yi masa sai ya ce ma adri, bai sani ba.

Shekaranjiya Abu Majid ya tsayar da mota kusa da ni a bakin masallacin unguwarmu. Bai fito ba, gilashi kawai ya sauke. Ya tambayi lafiyata, ya ce ya ga ɗana a shagon gyaran waya da yake zama a Sharafiyya, “Masha Allah, yaro ya girma, Allah ya tsare shi daga masu kame.” Ya ɗaga gilashi ya wuce. Ban taɓa gaya masa inda ɗana yake aiki ba.

Jiya kuma Daktora ta kira ni. Muryarta duk ta dushe. Ta ce mu'allim, dattijon nan yarenku ɗaya, ba ya jin Larabci sosai, ita ba ta yarda shi ne ba, tana so ranar Lahadi in zo in yi masa tafinta a gaban jami'ai, don ni kaɗai ta amince wa. Ta ce da motarta za ta ɗauke ni. Ni. Ku ji fa. In na je, ko a ƙofa aka nemi katina na gama yawo. In na wuce ƙofa, zan zauna tsakaninsa da su ina juya maganarsa, ina kallon idonsa. In ban je ba, mutum huɗu ne suka san wurin, kwana nawa za ta ɗauka kafin ta ƙirga?

Ina cikin wannan sai ga kiran Hanan, an bar ta ta yi magana da shi ta waya. Tana kuka tana cewa, “Ammu, wallahi ana assabab, ni ce sila, ni na kira su, ni na kashe Baba.” Na ce ta yi shiru, ƙaddara ce. Da bakin nan nawa na ce mata ƙaddara ce. Sai ta ce ya ba ta saƙo gare ni, ita ba ta gane shi ba amma ya sa ta maimaita sau biyu. Ya ce, “Ki gaya wa Ɗan Yawuri, ɗaya na ciro da hannuna, a gida na tarar da biyar. Ki ce ina gaishe da yara.”

Ya sani ke nan. Tun ranar ya sani, ya yi shiru, kuma yana can yana ci gaba da yin shirun saboda 'ya'yana.

Na kasa cin abinci, ƙarnin kifi da na yi shekaru ban ji ba yanzu shi nake ji a hannuna ko na wanke da sabulu. Matata tana tambaya me ya same ni, jiya ma ita ta dafa abinci ta kai wa matar Isuhu, ta dawo tana tsine wa duk wanda ya jawo masa wannan. Na ce amin. In na faɗi gaskiya, ni za a ɗaure a kora, ɗana kuma yana hannun Abu Majid, kuma ban ma tabbata za a saki Isuhu ba tunda shi ma ba takarda. In na yi shiru, tsoho zai ɗauki kayana a kansa har kabari, ni kuma in ci gaba da amsa gaisuwar 'yarsa. Na yi istigfari har harshena ya gaji, amma na san haƙƙin mutum ba ya faɗuwa da carbi.

Malamai da ke shafin nan, da waɗanda suka san dokar ƙasar nan, da duk wanda ya taɓa cin amanar wanda ya rufa masa asiri, ku ba ni amsa ba tare da kwana-kwana ba. Yau Asabar. Gobe da ƙarfe takwas motarta za ta tsaya a bakin titinmu.

Me zan yi?