Sunan Kawu a Shafi na Uku

Zuwa ga mahaifina,

Baba, ina gaishe ka cikin sunan Ubangiji, da irin ladabin da ka koya mana. Mama tana lafiya, ƙafar ce dai take taɓa ta jefi-jefi. Har yanzu muna ɗakuna biyun nan na Kakuri, mai gidan ya yi wa waje fenti ya bar ciki. Shekara uku ke nan da rasuwarka, kuma akwai maganar da ya kamata ka ji daga bakina, ko da yake na san wasu za su leƙo su karanta.

Sojoji sun koma bariki, Baba. Kai da kake rage muryar rediyo in ana labaran waje, da za ka shiga bas yanzu sai ka ji kwandasta yana zagin gwamnati, fasinjoji suna taya shi. Ni kuma ina gab da gama kwas ɗin aikin jarida da na shiga bayan digiri da bautar ƙasa. Saura jarrabawa biyu da furojet.

Karatun ba wani abin a zo a gani ba ne. Da la'asar nake hawa bas in haye gada. Rabin 'yan ajinmu ma'aikatan gwamnati ne masu neman ƙarin girma, suna zuwa a gajiye su yi gyangyaɗi a kan handawut. Akwai dai malami guda, tsohon edita, da ba a barci a ajinsa. Duk inda ya ga an rubuta "wata majiya ta ce" sai ya zizara jan biro. Kullum maganarsa ita ce, "Labarin da ba suna, hirar mashaya ce." Na haddace ta kamar ayar Lahadi.

Safiya kuwa ta yawon neman aiki ce. Gidan rediyo, gidan talabijin, ofisoshin jaridu, babu inda fayil ɗina bai je ba. Masu gadi har sun daina tambayata wurin wa na zo. A wani ofis a Barnawa sakatariya ta tambaye ni wa ya turo ni, na ce Allah. Ta ce ta sani, amma ban da Shi fa? Sau biyu shumeka yana sake wa takalmina ƙasa.

Daga ƙarshe editan wata jarida mai fita mako-mako ya ce shi ba ya karanta takardun makaranta. Mu huɗu ne muke nema, kujera ɗaya ce. Kowa ya je ya kawo labari cikin kwana biyar, wanda nasa ya fi shi ne da aiki.

Sai na tuna da Kawu, amininka da kuka yi shekaru tare a ɗakin kaɗi na masaƙa, wanda ya kama akwatinka ta wajen kai ranar jana'iza. Ba zan rubuta sunansa a nan ba. Sau ɗayan da na rubuta ya isa.

Na je gidansa ranar Lahadi bayan an tashi sujada. Matarsa ta zubo mini faten acca, shi kuwa ya buɗe baki kamar dama jira yake a tambaye shi. Ya ce an daina ba su madarar da ake ba masu aiki cikin ƙurar auduga, an daina raba abin rufe hanci, rabin injuna a tsaye, mutum uku a sashensu suna tarin da ba ya jin magani. Littafina yana kan cinyata, yana gani ina rubutu. Na ce masa labari zan haɗa, ya ce in rubuta mana, ai abin da aka kai ni makaranta in koya ke nan. Ban ce masa jarida za ta buga ba, ban ce da sunansa ba. Shi ya ɗauka aikin aji ne. Ni kuma a lissafina mulkin farar hula ake yi, wa zai taɓa mutum don ya faɗi abin da kowa ya sani?

Labarin ya fito a shafi na uku, da cikakken sunan Kawu, da sashensa, da shekarun da ya yi yana aiki. Edita ya yaba, ya ce sauran ukun duk majiyoyi suka kawo masa, ni kaɗai na kawo mutum.

Bayan kwana huɗu Kawu ya je aiki aka tsayar da shi a bakin get, aka karɓi katinsa, aka miƙa masa takarda cewa ba a bukatar aikinsa. Saura shekara biyu ya yi ritaya. Ƙungiyar ma'aikata ta ce tana duba lamarin, har yau tana dubawa. A cikin makon da aka sallame shi ne ni ma aka ba ni tawa takardar, ta kama aiki.

Na kai wa malaminmu maganar. Ya karanta labarin daga sama har ƙasa, ya ce bai ga kuskure ko ɗaya ba, ya ba ni shawara in sa shi cikin furojet. Da gaskiyarsa, babu kuskure a ciki. Na je wurin edita, ya ce in ina so a buga labarin korar. Na ce a bari, magana zarar bunu ce.

Sai da na yi kwana uku ina kewaye layin su Kawu kafin na iya shiga. Na same shi da hantsi a gindin mangwaro, lokacin da ya kamata a ce yana bakin inji. Na durƙusa na ba shi haƙuri, na ce na yanke shawarar ba zan karɓi aikin ba. Bai yi faɗa ba, Baba, da ya yi da na fi samun sauƙi. Abin da ya ce shi ne, "Ni da 'yar abokina na yi hira. Ban san da wata na yi ba." Sannan ya ƙara da cewa, "Ki je ki kama aikinki. In kin ƙi, mun zama mu biyu a zaune. Wani ya fita, wani ya shiga, haka shif yake."

Ranar Litinin zan fara, Baba. Mama ta riga ta goge mini kaya. Na yi ta tunanin yadda zan yi murna ranar da na samu aiki, ga shi ranar ta zo, kunya ce ta fi yawa. Ina kewarka ƙwarai. Da kana nan da kai za ka sa hula ka taka zuwa gidansa, ku yi irin maganarku ta manya, wataƙila a samu abin da ya gyaru.

Ranar Lahadin da ta wuce na gamu da Kawu a ƙofar coci. Tun ina goye a bayan Mama "'yata" yake ce mini. Ya amsa gaisuwata da fara'a, ya tambayi Mama, sannan ya ce, "Sannu, 'yar jarida."

Ubangiji ya ba ka hutawa a wurinsa. Ya buɗe wa Kawu wata ƙofar, ya ba shi lafiyar ƙirji. Ni kuma ya gafarta mini, ya kama hannuna duk ranar da zan sake rubuta sunan wani. Amin.

'Yarka,
Rahila