Ta'aziyyar Rasuwar Maman Affoué ta Yopougon

Cikin alhini da karayar zuciya, Ƙungiyar Masaukin Baƙi ta Abidjan, wadda ke kula da 'yan uwanmu masu sauya jinsi da suka baro garuruwansu, ta samu labarin rasuwar uwarmu kuma uwar ƙungiya ta girmamawa, dattijuwa Madam Brou Affoué Clémentine, da muke kira Maman, wadda Allah ya yi wa cikawa ranar Talata a gidanta da ke unguwar Yopougon, bayan jinyar ciwon zuciya.

Marigayiyar ba ta taɓa riƙe muƙamin gwamnati ba. Mai gidan haya ce, kuma a shekarun da masu gidaje ke duban fuskarmu su dubi katin shaidarmu sannan su ce ɗaki ya kamu, ita tambaya ɗaya take yi, wane suna za ta riƙa kiran mutum da shi. Duk wadda ta sauka, Maman kan riƙe hannunta ta zagaya da ita wurin mai shago, da mai sayar da aceke (dambun rogo), da direbobin motar unguwa, tana gabatar da ita a matsayin 'yarta, ta nuna mata layin da ake bi da wanda ake kauce wa, ta kuma raka ta asibiti don kada a ƙwala mata tsohon suna a gaban jama'a.

Wannan hali ya jawo mata tsangwama, domin an sauke ta daga shugabancin matan cocinsu, wasu ƙawaye kuma suka ɗauke ƙafa. Ranar da samarin unguwa suka taru a ƙofar gidan da duwatsu, kujera ta ɗauko ta zauna a bakin ƙofa tana ɓare rogo, tana kiran kowane yaro da sunan uwarsa, ta ce musu, "Wanda zai fara jifa ya matso kusa, idona ba ya gani da nisa." A haka suka watse.

Ƙungiya na miƙa ta'aziyya ga babban ɗanta, Mista Kouamé Brou Séverin, da ƙannensa, da dangi na Toumodi inda za a yi jana'iza, tare da addu'ar Allah ya jiƙanta, ya ba su juriyar wannan babban rashi.

Mun san makomar gidan tana hannun magada, kuma mazauna cikinsa na cikin fargabar da ba za mu ɓoye ba. Sai dai washegarin rasuwar, wata yarinya ta iso daga Daloa da jakarta, tana cigiyar Maman, ba ta san abin da ya faru ba. Mista Séverin, yana tsakiyar karɓar gaisuwa, ya tashi ya karɓi jakar da hannunsa, ya ce a ba ta abinci tukuna. Ba mu san hukuncin da iyali za su yanke ba, amma wannan mun gani, kuma mun gode.

Sa hannu:
Madam Ornella Gnahoré
Kakakin Ƙungiyar Masaukin Baƙi, Abidjan