Suna so in ƙara gurbin addini a databes ɗin masu ba da jini

Salamu alaikum jama'ar wannan gida, barkanmu da war haka. Admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, kaina ya ɗau zafi, na rasa tudun dafawa.

Ni mace ce, a Samaru nake zaune, ina aikin kwamfuta a wata makarantar kuɗi. Muna da 'yar ƙungiya ta masu ba da jini kyauta, ba albashi ba komai, sai dai Allah ya saka. Idan asibiti ta ce a kawo jini kuma dangi ba su da mai bayarwa, mu ake kira. Da farko a guruf muke komai, a tura ana neman jini, kafin ka ce me saƙon ya nitse ƙarƙashin gaisuwar safe da hotunan biki. Sai na zuba sunayen a tebur guda a laftof ɗina, shi ma ya zame min alaƙaƙai, ranar da ba caji ko ina wurin aiki to ba mai ganin komai. Daga baya na zauna na gina mana databes na gaske a intanet, suna da lambar waya da unguwa da rukunin jini a gefe guda, ranakun bayarwa a wani gefen, na haɗa su yadda wanda bai daɗe da bayarwa ba sunansa ba zai fito ba sai ya huta. Ka danna rukunin jini, ka danna Jushi ko Chikaji, sunaye su fito. Ni da shugabanmu da sakatare ne kaɗai ke shiga.

Abu ɗaya ne ban sa ba, kuma da gangan, gurbin addini.

To a nan gizo ke saƙar. Wasu dangin marasa lafiya sai sun ja ni gefe su tambaya a hankali, wai mai ba da jinin namu ne? Kada wani ya yi saurin nuna yatsa, na ji wannan tambayar daga masu zuwa masallaci, na ji ta daga masu zuwa coci. Na yi bayani har bakina ya gaji, cewa sau da yawa ma wanda muka kawo ajiye nasa ake yi a ɗauko wata leda a sa wa mara lafiya, amma ina, kamar da dutse nake magana. Kuma kun san Zariya, suna ba ya nunawa. Ga Yakubu ga Musa ga Saratu, Hausa rangaɗaɗau a bakin kowa, ba ka sanin wa ke ina sai ranar Juma'a ko Lahadi.

Shugabanmu, Baba muke ce masa, dattijo ne na kirki, ba zan ci haƙƙinsa ba, shi ya kafa ƙungiyar, da mashin ɗinsa yake kwasar masu bayarwa zuwa asibiti. Kwanaki wasu dangi suka mayar mana da wanda muka kai, aka tsaya ana ja-in-ja har mara lafiyar ya galabaita kafin a samo wani. Tun ranar Baba ya ce lallai in ƙara gurbin, a riƙa tura wa kowa wanda zai karɓa ba gardama, wai mu ceton rai muka sa a gaba ba gyaran halin mutane ba. Kwamiti suka bi bayansa. Na ce musu ku dubi abin da kuke cewa in haɗa fa, dannawa ɗaya mutum ya ga duk Kiristocin wata unguwa ko duk Musulmin wata unguwa, da sunansu da lambarsu. Wanda ya girma a ƙasar nan ya san irin ranar da nake tsoro. Ga sakatarenmu, Allah ya shirye shi, a wayar kowa shiga databes ɗin yake ya manta bai fita ba. Sai aka ce na cika zargi, wai boko ne ke ɗibata.

Sannan ga Dauda. Mai walda ne a Chikaji, jininsa O nagatif, mai wuyar samu. Ko yana tsakiyar aiki ka kira shi zai ajiye ya taho da baƙin hannunsa. Sauran masu irin jininsa a wurinmu ɗaya ya bar gari, ɗaya tana shayarwa. Na ɗan lalubi ra'ayinsa a kan maganar, ya yi dariya, sannan ya daina dariyar, ya ce min Anti duk ranar da za ki yi min wannan tambayar ki fara goge sunana. Na san ba wasa yake ba, kuma ba shi kaɗai zai tafi ba.

Yanzu Baba ya ba ni zuwa taron Asabar, ko in ƙara ko in bar wa sakatare ragamar, shi kuwa ba zai ɓata lokaci ba zai ƙara. Maigidana ya ce in wanke hannuna in huta, yana da gaskiya, ina girki waya, ina wanka waya, wallahi na gaji. Amma ni na bi mutanen nan shago-shago na karɓi lambobinsu, ni na ce musu don jini ne kawai.

Shekaranjiya wata mai haihuwa ta zubar da jini sosai, O nagatif. Na kira Dauda, ya zo, ya bayar, matar ta tashi. Muna zaune a benci yana shan lemo yana danne audugar a hannunsa, sai ya dube ni ya ce Anti har yanzu dai sunana na ciki ko? Na ce masa yana ciki. Ban iya ƙara masa da cewa wataƙila zuwa Asabar ne kawai ba.

Jama'a me zan yi? In ƙara da hannuna in ci amanarsu, ko in ƙi a karɓe a ƙara ba na nan? Idan kuma na goge sunan Dauda kamar yadda ya roƙa, mai haihuwa ta gaba wa zan kira mata?