Awon Jinin Da Ban Ji Ba

Assalamu alaikum Edita, da ku masu karanta wannan shafi, Musulmi da Kirista, ina gaishe ku. Don girman Allah a ɓoye sunana. Kuma ina roƙo kada kowa ya yanke min hukunci sai ya kai ƙarshen takardar nan. In kun kai ƙarshe, mai zagi ya zaga, na san dai ba zai kai wanda nake yi wa kaina kullum ba.

Ni ɗaliba ce 'yar shekarar farko a wata makarantar koyon aikin jinya a nan Kaduna, tsallaken gada. Shekaruna goma sha tara. Mahaifina tela ne a Tudun Wada. Ranar da takardar ɗaukata ta zo, ba irin maganar da ba a gaya masa ba a unguwa, wai zai saki 'yarsa ta sa riga iya gwiwa tana taɓa mazan mutane. Wani Alhaji da Baba ya shekara goma yana yi wa ɗinki ya zo ya kwashe yadinsa, ko sallama bai yi ba. Baba ya zauna a kan kekensa ya ɗinka min fararen riguna uku, kowace ya ƙara mata tsawon yatsa huɗu, ya ce, "Ki je ki yi karatunki, ni zan ji da bakin mutane." Ku riƙe wannan, don shi ne ya ɗaure ni.

Ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Ina da shekara bakwai sanƙarau ya kwantar da ni. Na tashi, amma kunnena na hagu bai tashi tare da ni ba, na dama kuma rabi-rabi ne. A gida an ce na warke, shi ke nan. In Inna ta kira ni ban amsa ba sai ta ce miskilanci ne. Na koyi kallon bakin mutum in yana magana, in abin ya wuce ni sai in yi murmushi in gyaɗa kai in ce "to." Ranar gwajin lafiyar shiga makaranta likitan ko ɗago kai bai yi ba, ya ce akwai abin da ke damuna? Na ce babu. Ya sa hannu. Da ya yi aikinsa da ba a zo nan ba, amma wa zan ɗora wa? Ni na ce babu.

Makarantar kuwa, hmm. 'Yan matan da suka fito daga manyan sakandare Turanci suke zubawa kamar famfo, ni kuwa sai na haɗa jimla a ciki na duba ta kafin in fito da ita. Sati biyu ba a yi ba suka sa min suna "Hajiya To." Na zauna a gaba don in ga bakin malama, suka ce neman suna nake. Sau ɗaya tak na ɗaga hannu na ce wa malamarmu, wata Sista, wato babbar nas, mai tabarau, don Allah ta maimaita. Ta sauke tabarau ta dube ni sama da ƙasa, ta ce da Turanci, "Ke kurma ce, ko ƙwaƙwalwar ce kika manto a Tudun Wada?" Aji ya ɗauki dariya, har da masu buga tebur. Ita da za ta koya mana tausayin mara lafiya! Daga ranar na kulle bakina. Na riƙa kallon kaina a madubi cikin farar riga ina jin kamar satar ta na yi, yau ko gobe mai ita zai zo ya ce in tuɓe.

Mutum ɗaya ce ba ta yi dariya ba, abokiyar ɗakina. Zan kira ta Rahila, ba sunanta ba ne. Kirista ce daga kudancin jiha, mahaifiyarta na sayar da doya a bakin titi a Gonin Gora. Ita ke ba ni littafinta in kwafi abin da ya wuce ni, ba ta taɓa tambayar dalili ba. Da azumi ita ke karɓar min abincina ta rufe har magariba. Tana ce min "Hajiyata," ina ce mata "Uwar Zumunta" kamar yadda ake kiran shugabar matan coci, saboda son cocinta.

Sai aka zo kan awon jini. Wanda bai sani ba, ana ɗaura wa mutum ƙyalle a dantse a hura masa iska, a sa abin saurare a kunne, a saki iskar a hankali. Inda ka fara jin bugu ka rubuta lambar, inda ya ɗauke ka rubuta. Kowa a ajinmu ya ji bugun nan, har suna tsalle. Ni shiru, sai shuuu kamar iska a buta. Na ce na ji. Da jarrabawar wata shida ta zo, wadda in ka faɗi ake sallamarka, Rahila aka ba ni in auna, ni kuwa na haddace lambarta tun a ɗaki. Na faɗa, aka ce daidai. Aka sa mana farar hula, Baba ya kira mai hoto, ya rataye hoton a shagonsa inda duk mai shigowa zai gani. Da aka fara tura mu ɗakunan marasa lafiya sai na samo dabara: in ɗaura, in hura, in ɓata fuska kamar mai saurare, in saci kallon lambar da aka rubuta kafin ni, in ƙara kaɗan ko in rage kaɗan. Wata uku ina haka ba wanda ya gane. Har wata Sista ta yabe ni wai ina da saurin aiki.

Muna da wata al'ada ni da Rahila da Sistoci ba su sani ba. In aikin Lahadi da safe ya faɗo mata, sai in shiga in riƙe mata gadajenta awa biyu ta sulale coci, don tana cikin mawaƙa. Ita kuma in azahar ko la'asar ta kama ni a bakin aiki ta riƙe min nawa. Cikin fararen kaya da hula duk ɗaya muke a idon mutane. Abin da na auna in rubuta mata a 'yar takarda, in ta dawo ta shigar a katin da ke rataye a ƙafar gado da hannunta, ta sa sunanta.

Wata Lahadi tana ɗakin masu ciki, na shiga mata. A gado na huɗu akwai wata yarinya daga Unguwar Mu'azu, cikin fari, watansa takwas, ƙafafunta sun kumbura sumtum. Na ɗaura mata ƙyalle. Tana kwance ta juya fuska bango, ta yi magana ƙasa-ƙasa, kuma ta ɓangaren hagu nake tsaye. Ban ga bakinta ba. Me kuke zaton na yi? Na yi murmushi na ce, "To, sannu." Na dubi lambar da aka rubuta da asuba, na rage mata kaɗan, na wuce gado na biyar. Rahila ta dawo tana haki, tana 'yar waƙarta, ta kwafe ta sa hannu.

Kafin azahar yarinyar ta kama jijjiga, ta tauna harshenta, jini har kan matashi. Da Sista ta auna, jinin ya hau inda likita ya ce ba zai yiwu a ce awa biyu da suka wuce yana ƙasa haka ba. An ceto uwar, ɗan bai zo da rai ba. Namiji ne. Bayan ta farfaɗo ta gaya wa Metiron, shugabar nas-nas, cewa ta faɗa wa 'yar makarantar da ta auna ta kanta kamar zai tsage, kuma tana ganin wuta-wuta a idonta. Ta ce, "Na gaya mata, ta ce min to." Aka ce wacce? Ta ce ba ta gani sosai a lokacin, mai farar hula ce dai.

Kafin a kira Rahila ofis ta ja ni bayan ɗakin wanki. Ta ce, "Hajiyata, tambaya ɗaya zan yi miki. Lambar nan, ita kika ji?"

Na ce, "Ita na ji."

Ta ce, "Kin tabbata?"

Na ce, "Wallahi."

Jama'a, na rantse da Allah a kan ƙarya, da rana tsaka, ina kallon idonta. Ta sauke ajiyar zuciya ta ce, "To shi ke nan, na yarda. Jinin ne ya tashi daga baya. In na ce na tafi coci, ni korarriya ce ko ta yaya, kuma in ja ki mu tafi tare. Me ya yi zafi a kori biyu? Ki yi shiru." Ta shiga ta ce ita ta auna. Bayan kwana tara aka kafe sunanta a allo, an kore ta. Ta miƙa hularta a ofis, ta ɗaure akwatinta da igiya, ni na riƙe mata har bakin titi. Wannan Sista mai tabarau ta tsaya a gaban aji tana ba da misali da ita, wai ga ƙarshen sakarci, ta nuna ni da alli ta ce ko Hajiya To ta fi ta hankali. Aka yi dariya. Na gyaɗa kai.

Wata biyu ke nan. Abinci ba ya min daɗi, na rame har Inna ta fara jiƙa min magani. Na tsani farar rigar nan, na tsani matan unguwa da ke tare ni a ƙofar gida suna "Nas, Nas, duba min yaron nan," su ɗin da jiya suka ce na lalace. Na tsani makarantar da in ka ce ba ka gane ba sai a mai da kai abin dariya, sannan a yi mamaki don ka koyi ƙarya. Amma duk wannan kewaye ne, na sani. Ba malama ce ta rubuta lambar ba. Kuma abin da ya fi komai muni, har yau ina auna mutane, har yau ba na ji. Ina dai laɓewa in roƙi wata ta duba min in na ga mara lafiya ya yi nauyi, in ce abin saurarena ne ya lalace. Sau nawa zai lalace?

Asabar da ta wuce na kasa daurewa, na hau mota zuwa Gonin Gora da niyyar in faɗa mata komai. Na same ta a bakin titi da tsohon zani, tana bin motocin da ke tafiya Abuja da doya a ka. Tana ganina ta ajiye ta rungume ni, tana "Hajiyata! Dubi yadda suka ramar min da ke!" Ta saya min lemo. Ta ce kullum tana roƙon Allah ya yafe mata barin aiki da ta yi, ita ta jawo. Ta ce, "Ke dai ki gama, ko ɗaya a cikinmu ta gama ai mun gama." Na kurɓi lemon, na haɗiye maganar tare da shi.

Sai ta kai ni wajen mahaifiyarta a ƙarƙashin rumfa. Tsohuwar ta ɗaure kai da ƙyalle tamau, ta ce sati uku ke nan ƙeyarta na sara, wani lokaci jiri ya ɗebe ta. Asibiti kuwa ta rantse ba za ta taka ba tun abin da aka yi wa 'yarta. Rahila ta ce, "Ki aro abin awo wajen mai kemis ɗin layinku, ki zo Asabar ki auna min ita." Na ce ai ita ma ta iya, in na kawo sai ta auna da kanta. Ta girgiza kai. Ta ce, "Sun karɓi hulata, ba zan ƙara taɓa kowa ba. Ke ce nas. Abin da kika ce shi Mama za ta yarda da shi, ni ma haka." Tsohuwar ta kama hannuna ta sa min albarka, ta cusa min doya biyu a jaka.

Na ce, "To."

Yau Talata. In na je na faɗi gaskiya, na rasa Rahila, kuma dole in wuce ofishin Metiron, a karɓi hulata, Baba ya sauke hoton nan a gaban mutanen da suka yi masa dariya, kuma ban san ko za a mai da ita ba ma. In na ƙi zuwa, wa zai duba tsohuwar? In kuma na je na ɗaura mata ƙyalle a dantse, wannan karon babu katin da zan saci kallo, sai Rahila a tsaye tana jiran in faɗi lamba.

Saura kwana huɗu. Don Allah, ku da kuke ji, me zan yi?