Biyar Masu Jan Ƙyalle Kawai

Inna,

Ina gaishe ki da kyau. Ya ƙafar, ta daina kumburi? Ya Baba da Yaya? Ni lafiya lau. Kullum dai ina ɗakin tumakin makaranta ina auna abincinsu da kashinsu, hannuwana sun tsattsage, amma ba wani abu ba ne.

Yaya ya ce garin da na aiko, mai gyara cikin 'yan tumaki, duka goman kika ba. Haba Inna! Biyar masu jan ƙyalle a wuya na ce. Na san ba kya iya ganin wani na ci wani na kallo. Amma in duka suka ci, ya za mu gane ko garin ne ya tsayar da zawon?

Ga wani nan na sake aikowa. Cokali ɗaya a dusa, Yaya ya auna nauyinsu kowane mako.

Bara bakwai suka mutu a hannunki. Ba zan dawo miki da "wataƙila" ba. Matar da ta raka autarta tasha ba ta yi kuka ba, za ta iya hana tumaki biyar cokali ɗaya.

Allah ya ƙara lafiya.

Autarki